Teburin Alhamis

Mu goma sha ɗaya ne a gidan farin dutse,
a Arekipa, ƙarƙashin Misti,
tsaunin da ke barci da wuta a cikinsa.
Kujeru tara ke gare mu.
Wanda ya makara, akwatin littattafai ne mazauninsa,
ko ya ci a tsaye, ba mai tausayawa.

Ni duwatsu nake karanta a jami'a,
Eulalia lissafi.
Nicanor gawa yake yankawa a ajin likitanci,
ya dawo da warin magani a farce,
da yatsun nan zai zana gicciye a goshi
kafin ya auka wa miyar dankali
kamar wanda aka ce gobe za a hana ci da sha.

Ran Alhamis Fada Anselmo kan zo
da tsohuwar jaka da tambaya guda,
ya ajiye ta tsakanin gishiri da barkono
kamar mai ajiye garwashi:
"Wannan tsaunin ya girmi Adamu nesa ba kusa ba.
To, duk tsawon shekarun nan, me Ubangiji ke jira?"
Sai ya sunkuya kan kwanonsa,
ya bar mu muna ta kokawa.
Wani ya jawo littafin Farawa, ni na jawo taswira,
miya ta huce, muryoyi suka dushe,
ba a tashi da amsa ba,
amma ba wanda ya tashi da wuri.

Fulgencio ya daina karɓar Jibin Ubangiji
tun watan da aka binne ƙanwarsa.
Yana zuwa Misa, ya zauna can baya,
hannu a harɗe, ido a kan takalmi.
Ba wanda ya ce masa don me.
Shi ne dai ke fita da sanyin asuba
ya sayo burodin nan mai kusurwa uku,
ya tsaya a bakin tebur yana gutsura wa kowa.

Kwana huɗu na yi gaba da Eulalia
a kan tukunyar da ta ƙone ta bar mini.
Ran Lahadi aka ce a ba juna salama,
na waiga, ga ta a damana.
Tafinta sanyi ƙalau.
Zuciyata sai Talata ta sauko,
hannuna ya riga ta isowa.

Daren jajibirin jarrabawa
muna ɗakin addu'a, ana karanta Zabura,
sai ƙasa ta yi gyaran murya.
Fitila ta fara lilo, ƙura ta zubo daga rufi.
Ni na kama ƙirga daƙiƙa, yadda aka koya mini,
Nicanor ya banke ƙofa,
Eulalia ba ta bar ayar ba, muryarta kawai ke rawa.
Siffar Maryamu ta taho daga kan kanta,
Fulgencio ne ya cafe ta,
ya rungume kamar jaririya,
har muka fita titi bai san yana riƙe da ita ba.

A waje, cikin barguna, karnuka na haushi,
Fada ya ce mini, "Nawa ka ƙirga?"
Na ce, sha tara.
Ya ce, "Ni ban kai ga 'abincin yini' ba ta tsaya.
Rubuta naka, gobe za su tambaye ka."

Da safe akwai tsaga a bangon kicin,
daga taga har kusa da famfo.
Na auna ta da rula, na rubuta faɗinta.
Burodi ya iso da ɗuminsa.
Eulalia ta zo da ƙusa
ta rataye jadawalin wanke-wanke a kan tsagar,
na duba,
sunana ne a ranar.